Ranar da Kawu Ya Yanke Tsirkiyar Garayata

Jiya na ji garaya a rediyo, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini kiɗa a Gaya.

Shekarar da naira ta fito, muna wasa a kasuwar Ajingi, jama'a suka fi yaba hannuna a kan nasa. Nan take ya zare wuƙa ya yanke tsirkiyar garayata, ya cilla mini komo, babbar garaya mai kaurin murya.

"Kofaton jaki gare ka," in ji shi. "Koma bayana ka yi ta gurnani."

Haka na zauna har kiɗa ya fita raina. Bayan rasuwarsa na tarar da garayar tawa a ɗakinsa, tana warin hayaƙi. Na ɗaura sabuwar tsirkiya, na kaɗa ina hawaye.

Allah Ya yafe masa, ni ma Ya ba ni ikon yafewa.