Zakaran Attahiru Dillali

Attahiru ɗan kawuna ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Illela ranar Lahadi ya san shi, in bai san shi da ido ba ya san shi da yatsu. Dillali ne. Tsawo babu, murya babu, kyau kuwa kada ma a tayar da maganar. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa, har ta koma ga Allah ba ta ƙara kaɗa auduga ba, don ɗan yatsanta ya fara kamawa kafin ya yi kuka. Surukinsa sau ɗaya ya taɓa miƙa masa hannu, ranar ɗaurin aure. Tun daga nan sai ɗaga hula daga tsallaken hanya.

Da wannan hannun yake cin abinci. Sai ya kama mai saniya da dama, mai saye da hagu, yana murmushi yana matsawa. Mai saniya ya ce albarka, ya ƙara matsawa. Mai saye ya ce ta yi tsada, ya ƙara matsawa. Kafin ka tofar da goro an sallama. An ce akwai wanda ya taɓa sallama saniyar da ba tasa ba, don dai a sake shi.

Babban baƙonsa Jaɓɓo ne, Bafulatanin da ke kiwo wajen Garu. Uban Jaɓɓo wurin kawu yake sauka, Jaɓɓo ya gaji saukar. Kuma duk inda ya ɗaure shanunsa, nan sauran makiyaya ke ɗaure nasu. Ranar da Jaɓɓo ya canza dillali, Attahiru sai dai ya koma dillancin zabi.

To bara sai hannu ya yi tawaye. Da safe yatsun su kumbura su sandare kamar rogo, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Aka shafa man kaɗe, aka yi ƙaho, aka sha jiƙon da ko akuya ta sansana sai ta yi atishawa. Shiru. Ƙarshe matarsa Lubabatu ta tura shi mota sai babban asibiti a Sakkwato.

Likitar ta duba jininsa, ta lallatsa gaɓoɓin, ta ce, "Malam Attahiru, garkuwar jikinka ce ta rikice. Kamar a ce masu tsaron iyaka su bar baƙi suna wucewa, su tsare 'yan gari suna duka."

"To a sallame su mana, Likita!"

"Ba a sallamarsu. Lallashinsu ake yi."

Ta rubuta masa ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, ta ce gwajin jini kada ya kuskura ya tsallake, ya riƙa tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe yana motsa yatsu. Ba sai ya riƙa zarya kullum ba, wani zuwan ta waya za ta gan shi, fuska da fuska. Ta sa lambarsa a zauren WhatsApp na masu irin ciwon. Har ya kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Kada ka matse hannun kowa, kada kuma ka bari a matse naka."

Ya fito yana lissafi. In kara ta ji, mutum nawa ke jiran ramuwa? In Jaɓɓo ya ji, me zai yi da dillalin da ba ya matsa?

Sai ya yi tunani irin nasa. Ba a miƙa hannu ga wanda hannuwansa biyu ke ɗauke da kaya, sai dai a taɓa masa wuyan hannu. Saboda haka ranar Lahadi ya rungumo jan zakaran Lubabatu, mugun da ya taɓa korar kare har bakin tasha, ya shiga kara da shi a ƙirji kamar mai jego. Duk wanda ya miƙo hannu ya sha sara.

"Attahiru, zakaran na sayarwa na?"

"A'a, rakiya yay yo ni."

Da zakara ya je suna, da zakara ya je gaisuwar mutuwa. Ranar da likita ta kira a waya, zakaran ta fara gani, har ta ce ko ta yi kuskuren lamba ne.

Da Jaɓɓo ya iso da shanunsa ya miƙo hannu biyu, "Maigida, mun same ku lahiya?" zakara ya amsa masa a babban yatsa. Lahadin da ta biyo ma haka. Ciniki kuwa ya ƙi faɗawa, don babu mai matsa kowa. Jaɓɓo ya ɗaure fuska.

"Maigida, mi ni yi maka? Ubana da ubanka hannu da hannu sunka rabu. Ni kuma kaza ka aje man. Lahadi mai zuwa in ban samu hannunka ba, rumfar Sahabi za ni."

Sahabi dillali ne na rumfar gaba, wanda ya daɗe yana yi wa shanun Jaɓɓo kallon tsire.

Attahiru ya koma gida ko tuwo bai taɓa ba. Ya ɗauki waya zai yi wa likita saƙon murya a asirce, yatsa ya zame, saƙon ya faɗa zauren WhatsApp, da labarin zakara da komai, har da carar da zakaran ya yi a tsakiyar magana. Wayar ta dinga ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Wani tela daga Gusau ya ce don Allah a ara masa zakaran ranar Juma'a. Sai wata Hajiya Shafa'atu mai fura, wadda ta fi kowa daɗewa da ciwon, ta turo nata.

"Malam Attahiru, ciwon ga sata ne da za ka ɓoye? Ni ranar da na gaya wa maƙwabtana na huta da daka. Aje kazar mutane ka buɗe baki."

Lubabatu da ke shara ta ce, "Allah shi yi miki albarka, Hajiya. A maido man zakarana."

Duk da haka ranar Lahadi da zakaran ya fita, wai ko za a buƙace shi. Yana shiga kara Jaɓɓo ya hango zakara a ƙirjinsa, ya kaɗa shanu suka nufi rumfar Sahabi, Sahabi har ya shimfiɗa tabarma yana washe haƙora. Attahiru ya saki zakara, ya sha gaban shanu, ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar wanda aka kama da buhun shinkafa a bakin iyaka.

"Jaɓɓo, duba! Ba raini ba na, ciwo na. Masu gadin jikina sunka juyo kaina. Likita ta hana ni matsa."

Jaɓɓo ya sunkuyo ya ƙare wa yatsun kallo.

"Wato ba ka iya matsawa?"

"Ba ni iyawa."

"Ko kaɗan?"

"Ko tumatir."

"Alhamdu lillahi!" Jaɓɓo ya ɗaga ƙaramin yatsansa, a karkace kamar lauje. "Aikinka na wanga, Maigida. Duk ranar kasuwa sai na yi addu'a kahin in miƙo ma hannu."

Ya juya shanu. Sannan ya miƙo sandarsa ta kiwo a kwance, ya riƙe kai, ya ce mai saye ya riƙe gindi, Attahiru ya ɗora tafin hannu a tsakiya. Haka aka sallama bijimin farko. Masu jiran ramuwa sun taso kam, har da layi, amma sandar da ake ciniki da ita ba ta manta ainihin aikinta ba, Jaɓɓo na ɗaga ta layi ya watse.

Yanzu ciniki yana daɗewa, don dole Attahiru ya yi da baki, kuma sai ga shi ashe yana da bakin. Zakara kuwa ya lalace, duk Lahadi yana bakin ƙofa yana jiran a ɗauke shi. Ƙwaya ta karɓi Attahiru, kumburi ya sauka, da kansa yake sa maɓalli. Da ya yi wa Jaɓɓo albishir likita ta ce hannu yana dawowa, sai Jaɓɓo ya ja da baya, ya tura hannuwansa cikin riga.

"Madalla, Maigida. Ka gaishe ta. Amma sandar ga ta zauna."