Kawu Zailani da Garin Tsallake

Kawu Zailani, ƙanen mahaifiyata, abu ɗaya ya so a duniya: ya nome geronsa a kan lokaci. Bai nemi sarauta ba, bai nemi Makka ba. Amma a Tsamiyar Kabo, ƙauyenmu da ke gefen Dutsi, duk shekara da zarar ciyawa ta tsiro sai maroƙin Dagaci Abdulbaƙi ya zaga da shela: gobe gayya a gonar dagaci. Kwana huɗu ake yi. Kafin Kawu ya koma tasa gonar, ciyawar harƙiya ta riga ta shaƙe geron. Shekara ashirin yana cin wannan baƙin ciki, rumbunsa bai taɓa kai shi bazara ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa bakinsa "an daina zalunci". Kawu ya ɗauki maganar da gaske, wanda shi ne babban aibinsa. Ya tare liman bayan sallar Juma'a.

"Allah gafarta Malam, a wane littafi aka ce in nome gonar dagaci kafin tawa?"

Liman ya yi tari, ya ce shi dai bai ci karo da wurin ba tukuna.

Shi ke nan. Ranar gayya, magidanta goma sha biyu suka cire jinkar ɗakunansu, suka ɗora a ka, suka tsallake rafi. Kawu na gaba, ni ma ina cikinsu. Dagaci ya fito ya ga rufin ɗakuna suna tafiya da ƙafafu, ya tsaya riƙe da buta yana kallo. Muka kafa gari a tudun da ke hayi, muka sa masa Tsallake.

Kwana uku muna murna, ran na huɗu akuyar wani ta ci waken wani. Wa zai raba? Kawu ya rantse babu ɗan garin da zai zama shugaba, don kowa na da dangi, mai dangi kuwa sai ya karkata. Sai muka ɗauko baƙo: Kalilu, wani mai haƙar rijiya daga Nijar, wanda bai san kowa ba, ko sunayenmu bai riƙe ba. Aka naɗa masa rawani na damina ɗaya, da sharaɗin ba zai ci abincin gidan kowa ba, kada tuwo ya saye shi.

Babu wanda ya tambayi inda zai ci. Ni ma ban tambaya ba, kuma har yau kunya nake ji. Kwana shida bawan Allah yana rayuwa da ɗanyar kuɓewa da ruwan rijiya, sai ya faɗi sumamme a tsakiyar shari'ar wata kaza.

Aka zauna taro, aka gyara doka: ya riƙa ci gida-gida. Nan kuma Iya, tsohuwar da ta fi kowa iya miyar kuka, ta ci shari'a tara a jere, har da wadda ba ta cikinta. Aka sake zama. Aka naɗa mai ɗanɗana miya, aka naɗa mai sa ido a kan mai ɗanɗanon, aka naɗa mai shela don kiran taro. Cikin magidanta goma sha biyu, tara suka zama masu muƙami. Kawu ne shugaban kowane zama, safe da yamma, ƙarƙashin bishiyar marke.

Matarsa Murja ta same shi a can. "Malam, ka leƙa gonarka kuwa? Ciyawa ta kai gwiwa."

"Bari mu gama tsara gari," in ji shi.

Da kaka Kalilu ya ajiye rawanin a bakin rijiya ya gudu, ko sallama babu. Kawu kuwa dami bakwai ya ɗaure, ƙasa da abin da yake samu a ƙarƙashin dagaci. Na ga ya zauna gindin rumbu yana share hawaye, raina ya ɓaci ƙwarai.

Da bazara muka rasa baƙon da zai yarda, labarin kuɓewa ya bazu har Mashi. Dole aka naɗa Kawu, yana ƙi yana zagi. Damina ta sauka, ƙararraki suka yi masa yawa, ciyawa ta sake rufe gonarsa. Sai mai shela ya kawo shawara, don tausayi kawai: a taimaka wa mai gari da noma na kwana ɗaya.

Da hantsi Kawu ya isa gonar ya tarar da mu a jere, kowa da fartanya. Karon farko a rayuwarsa ya ga geronsa tsaye fes, ƙasa baƙa a gindinsa. A ƙarshen layi akwai Munzali, maƙwabcinsa, wanda tasa gonar ke can ciyawa na cinye ta. Munzali ya ɗago ya dube shi. Kawu ya san wannan kallon, shekara ashirin yana yi wa wani shi.

Ya buɗe baki zai ce kowa ya koma gonarsa. Sai ya waiwaya ya ga sauran rabin gonar da ba a taɓa ba.

"Gobe ku zo da wuri," ya ce.