Yaya Sabi'u da jerin sunayen mutanen ƙauyenmu

Duk wanda ya taɓa barin kwamfutarsa a kunne a gaban Yaya Sabi'u ya san abin da zan faɗa. Kafin ku gama gaisawa hannunsa ya kai kan maus, linzamin kwamfutar. Manyan hotunan nan da kuka jera a allo, sai ya mayar da su jeri mai layi-layi: suna, girma, ranar ajiya. Sannan ya ce, "Yauwa, yanzu muna iya magana. Ina gajiya?"

Ɗan wan babana ne. Kwamfuta yake koyarwa a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, a gida kuma yana rubuta manhajoji. Bai taɓa yarda da na waya ba, wai allon da bai fi tafin hannu ba, ba wurin aikin kirki ba ne.

Bayan bikin ƙanwarmu Rabi, ta kawo hotuna a cikin kwamfuta a nuna wa Gwaggo. Ya karɓa ya buɗe, sai ga rubutu zalla daga sama har ƙasa, ba fuska ko ɗaya.

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Sabi'u, ina amaryar?"

Ya nuna da yatsa. "Ga ta nan, Gwaggo, layi na goma sha huɗu."

"To Allah ya shirye ka. Ta rame kuwa!"

Manoman rani na wajenmu, a Tiga, suka roƙe shi ya yi musu manhajar rabon ruwa, kowa ya san ranarsa. Ya yi ta tsaf, in ka danna kan jerin sai sunaye su bi haruffa. Ranar gwaji Baba Zubairu, wanda ya girmi kowa, ya ga kansa can ƙasa, wani Abba da aka haifa jiya yana sama. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Ni ne a ƙarƙashin jikana? Wace irin na'ura ce wannan mara tarbiyya?"

Yaya bai yi musu ba. Ya ƙara gurbin shekaru, ya sa jerin ya fara daga babba. Kai jama'a! Cikin mako guda ba manomin da bai haura saba'in ba. Har Abban nan ya zo yana cewa a duba masa, kamar an yi kuskure a tasa haihuwar.

Amma aikin da ya fi ba zuciyarsa shi ne jerin sunayen mutanen ƙauyenmu da ruwan dam ɗin Tiga ya ci. Shekara da shekaru yana hawa tsohon babur ɗinsa, Ƙofa, Bebeji, Kiru, har Riruwai, yana neman waɗanda suka watse. Ya rubuta kowa da gidan da ya fito. Wata rana ya nuna wa Iya Tabawa, wata tsohuwa 'yar ƙauyen, sunan mijinta. Sunan ya yi tsawo, gurbin bai ɗauke shi ba, sai manhajar ta gutsure shi ta sa ɗigo uku a ƙarshe. Na karanta mata yadda yake. Sai ta ce, "Sauran fa? Shi ma ruwan ne ya ci?"

Yaya bai ci abincin rana ba sai da ya sa gurbin ya riƙa faɗaɗa kansa daidai da suna mafi tsawo. Na ce masa jerin ya yi muni, ya cinye rabin allo. Ya ce, "Ya cinye duka ma. Ba na yanke wa mutum sunan ubansa."

Da ciwo ya kwantar da shi bara, na je na tarar yana gyara jerin daga kan gado. Na ce ya sa maɓallin goge waɗanda suka rasu, jerin ya yi sauƙi. Ya harare ni. Ya ce ba a gogewa, launin rubutun kawai ake mayarwa ruwan toka, mutum ya zauna a layinsa tsakanin 'yan gidansu. Ya sa na maimaita yadda ake yi har sau uku.

Bayan sadakar bakwai na buɗe kwamfutar. Sunansa na nan ƙarƙashin na babansa, baƙi wuluk. Na danna kamar yadda ya koya mini, ya koma ruwan toka a layinsa.

Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.