Gwankin da Kaka Ta Gani

Shekaranjiya wata yarinya a ajin da nake koyarwa ta miƙo mini littafi, ta nuna zanen wata dabba, wai mece ce wannan. A ƙarƙashi an rubuta gwanki. Na ce mata ƙarya ne, wannan akuya ce aka ja wa kunne. Wanda ya zana shi bai taɓa ganin gwanki ba. Ni na gani, kuma ba don kaina kaɗai na gani ba.

Lokacin muna Yako, ko makaranta ba a sa ni ba. Kakata ta wajen uba yanar ido ta fara rufe mata gani, mutum ma sai ya yi magana take gane shi. 'Yar maharbi ce, a bakin dajin Falgore aka haife ta, aure ya kawo ta ƙasar Kiru, ba ta sake komawa ba. Wata bazara sai ta kafe, ita dole a kai ta ta ga gwanki kafin idon ya ƙarasa. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta ce ko a kai ta ko ta ɗauki sandarta ta kama hanya. Baffana, ƙanen Baba, yana aikin gadin gandun daji a wajen Tudun Wada, shi ya ce a kawo ta. Aka haɗa ta da ni don in riƙa jan sanda. Inna ta ce ita ma ta huta da ƙiriniyata.

Motar kasuwa ta kai mu Tudun Wada, washegari Baffa ya ɗora Kaka a kan jaki muka nufi kudu. Kai da ka saba da filin gona, ba za ka gane ba sai ka je. Gonaki suka ƙare kamar an yanke su da wuƙa. Itatuwa suka haɗe kai a samanmu, maje da marke da kaɗanya, inuwa ta yi sanyi duk da zafin bazara. Can gaba duwatsu sun hau kan juna, shuɗi-shuɗi, ban san ƙasa tana iya tashi haka ba. Gwaggon biri ya zauna a kan wani falalen dutse yana kallonmu kamar mun shigo masa gida ba sallama.

Kaka tana ta shaƙar iska, tana tambayata me nake gani. Ni kuwa ƙudan tsando ya ishe ni, ƙafata ta gaji. Na ce mata itace ne da dutse, sai kuma wani itacen.

"Uwar garaje," in ji ta, "aron ido na zo yi wurinki, kike ba ni na makauniya irina?"

Da la'asar muka isa kogi. Ya janye, sai yashi fari da wani gurbi mai koren ruwa a gindin dutse. Baffa ya ɗaure jakin can nesa, ya ɗebi ƙasa ya sake ta ya ga inda iska ke kaɗawa, sannan ya zaunar da mu bayan wani dutse. Ya ce ko tari kada a yi. Zama shiru shi ne abin da na fi ƙi a duniya, har yau. Zabin daji suka zo suka sha suka tafi. Rana tana sauka, na ga Baffa yana satar kallon uwarsa. Mun san in gwankayen ba su zo yau ba, ba wata bazarar da za ta same ta da ido.

Ban ji tahowarsu ba. Ciyawa ce kawai ta buɗe, sai ga su, manya kamar dawakai, jajaye-jajaye, suna taka yashi a hankali. Babban ya tsaya a gaba bai sha ba, ya ɗaga kai. Kaka ta ji jikina ya sandare, ta damƙe hannuna.

"Sun zo ko? Ba na ganin komai sai hazo. Faɗa mini."

Na sa bakina a kunnenta. Na ce fuskarsa baƙa ce da fari, kamar an zuba masa kwalli an bi da alli. Kunnuwansa sun fi na jakinmu tsawo, da ɗan gashi a tsininsu. Ƙahonin sun lanƙwasa baya kamar lauje. Geza tsaye a wuyansa, rana ta bugi bayansa ya koma kamar jan ƙarfe. Na ce yana kallonmu, Kaka, ke yake kallo. Ta ware farin idon nan nata ta fuskanci ruwan. Sai ya yi wani huci mai ƙarfi, ta saki ajiyar zuciya.

"Na gan shi," ta ce. "Alhamdulillahi."

Kafin lokacin girbi ya zo, idon ya rufe gaba ɗaya. Amma duk wanda ya zo gaishe ta sai ya sha labarin gwanki, kuma kullum sai ta ce ƙahonsa na hagu a karye yake daga tsini. Ni ban faɗa mata haka ba, ƙahonin nan lafiyarsu lau. Na buɗe baki zan gyara, Baffa ya harare ni. Daga baya ya ce mini akwai wani mai karyayyen ƙaho da ke shan ruwa bayan gidansu tana yarinya, wanda ubanta ya ƙi harbi.

Yanzu manyan motoci ke ratsa dajin zuwa Doguwa, suna ta ƙaho, ba mai tsayawa. Na bi sau da dama, fuskata a taga, ko wutsiya ban hango ba. Kaka ta rasu ina sakandare. Shekaranjiyar nan a aji, na ɗauki alli na zana wa yaran gwanki a allo yadda na san shi. Sai da na ja baya na duba, na ga na karya masa ƙahon hagu. Na bar shi haka.