Yadda Yayana Mai Aski Ya Kurmance

Yayana mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa zai gaya maka cewa bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci na mutum biyar wanda kullum mutum bakwai ke matse a kai. Sama da madubin kuma hoton Jagora ne. Ni gyaran rediyo nake yi a shagon da ke jikin nasa. Katako ne kawai ya raba mu, ko tari ya yi ina ji.

A lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, har ba a wahalar kiran sunanta, Jam'iyya kawai ake cewa. Ba ka samun lasisin shago sai da katinta. Ɗanka ba ya shiga makaranta sai da katinta. Ranar taro motoci za su zo bakin layi, a kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba sai ya kawo takardar likita. Kowace unguwa tana da ofis, kowane ofis yana da Sakatare. Namu wani siririn mutum ne mai kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma kallon mutum a ido.

Wata Laraba ya aiko a kira Yaya. Yaya ya tafi da kayan aski a jaka, a zatonsa gyaran fuska ake so.

"Mai Aski, zauna," in ji Sakatare. "An yaba da kai a sama."

Yaya ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Shagonka ba ya rabo da jama'a. Daga yanzu kowace Alhamis ka kawo mini shafi ɗaya. Me aka ce, wa ya ce, wa kuma ya yi dariya."

"Ranka ya daɗe, in mutum ya ce ba zai iya ba fa?"

"Ai babu dole a Jam'iyya," in ji Sakatare yana gyara takardu. "Af, lasisinka wata mai zuwa zai ƙare, ko?"

Da Yaya zai fita ya ƙara masa da cewa wannan sirri ne, ko matarsa kada ta ji. Yaya ya riƙe sirrin nan da kyau tun daga ofis har ƙofar gida. Yana shiga ya zayyane wa matarsa komai, ita kuma ta gaya wa matar tela a bakin rijiya, bisa sharaɗin kada ta gaya wa kowa. Kafin gari ya waye ko kajin layinmu sun sani.

Kwana biyu shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar injin aski. Rana ta uku mutane suka gano dabara. Mahauci ya zauna a kujera, ya gyara murya kamar mai magana a rediyo.

"Kai, ruwan famfon nan da aka ɗauke mana sati uku, akwai hikima a ciki! Dubi yadda muka koyi tattali."

"Sosai," in ji tela daga benci. "Ni har na fi jin daɗin wanka da kofi biyu. Mai Aski, ka rubuta sunana daidai fa."

Yaya ya rubuta duka, ya kai ranar Alhamis yana murna. Sakatare ya karanta, ya ajiye, ya dafe goshi.

"Unguwa guda, babu mai ƙorafi ko ɗaya? Wa zai yarda? A sama za su ce ko kai ka ɓoye, ko ni na ɓoye. Suna biyu ake nema a wurina kowane wata. In ban samu ba, nawa zan saka, kuma kafin in saka nawa zan saka naka."

Ranar Yaya ko abinci bai iya ci ba. Ya zauna a shago ya zabga tagumi, har tela ya gaji da kallonsa.

"Rubuta ni," in ji tela. "Ka ce na yi hamma lokacin jawabin Jagora. Gaskiya ce ma, na yi har sau uku, amma ka ce ɗaya."

Aka rubuta shi. Bayan sati aka zo da mota aka tafi da shi kwas ɗin wayar da kai, matarsa tana kuka tana zagin Yaya har da kakanninmu. Kwana uku ya dawo kumatunsa na sheƙi. Ashe a wata makaranta aka ajiye su, ana yi musu lacca da safe, ana ba su shinkafa da nama sau biyu a rana. Ya dawo da hula da takardar shaida mai tambari, ya sa mata gilas ya rataye a shago.

Daga nan fa sai layi. Kowa yana so a rubuta shi. Yaya ya tsara abin bi da bi, amma duk da haka sai an yi rigima.

"Tela ya je sau biyu, ni ko sau ɗaya!" in ji mahauci. "Ka ce na naɗe nama da jaridar da ke da hoton Jagora."

"Kai, ka haukace? Wannan ba na shinkafa ba ne, na barkono a ido ne. Zan ce hoton Jagora na shagonka ya ɗan karkace," in ji Yaya.

"To, ya karkace sosai, don su ba ni kwana biyar."

Har ta kai an gane cewa shafin Yaya ya fi duk wata takardar koke sauri. Ya rubuta cewa wasu marasa kishi suna yaɗa wai Jam'iyya ba za ta iya gyara famfo ba. Kwana biyu ruwa ya dawo. Haka aka yi da fitilar titi, haka aka yi da kwata. Yaya ya fara tafiya da ƙirji a buɗe. Yana ganin ya sa Jam'iyya a aljihu, mu ma haka muke gani. Shekara biyu muka yi a haka.

Akwai wani malamin makaranta da muke kira Malam Lissafi, mutum mai shiru, sau ɗaya a wata yake zuwa aski. Wata Asabar bayan zaɓe yana kan kujera, rabin kansa a aske, sai rediyo ta sanar cewa a gundumarmu Jagora ya ci kashi ɗari da uku cikin ɗari. Malam ya yi ajiyar zuciya.

"Shekara ashirin ina koyar da lissafi," ya ce a hankali, "ban taɓa cin karo da wannan ba."

Mutum bakwai ne a benci. Yaya ne kawai dariya ta kufce masa ta hanci, ya mayar da ita tari. Bai rubuta komai ba, ko kusa da biro bai je ba.

Ranar Litinin aka kira Malam. Shi babu kwas, babu hula. Aka mayar da shi wata makaranta can bakin iyaka inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako, aka kuma cire sunan 'yarsa daga jerin waɗanda suka sami kwaleji. Layi ya juya wa Yaya baya. In ya yi gaisuwa sai a duba gefe. Na same shi a bayan shago yana share ido da tawul ɗin aski, yana rantsuwa ba shi ba ne.

Ranar Alhamis ya tarar da takardu huɗu a jere a teburin Sakatare.

"Mutum bakwai ne a bencinka," in ji Sakatare. "Huɗu sun kawo rahoto. Kai da aka ba aikin, ina naka?"

Yaya ya saci kallon takardun. Ta saman ya gane rubutun, don shekara da shekaru yana ganinsa a littafin awon tela. A nan ya fahimci cewa shi ba kunnen Jam'iyya ba ne a layinmu, ɗaya ne kawai daga cikin kunnuwa, kuma shi kaɗai ne sakaran da ya bari aka san shi.

Gara in faɗi nawa a nan. Ni ma ina da ranar da nake kai shafi, a kan masu kawo rediyo a kamo musu tashar waje, kuma na ji maganar Malam ta jikin katako. Ban rubuta shi ba. Amma ba jarumta ba ce, ranata Talata ce, kafin ta zo an riga an gama da shi. Har yau ban san abin da zan yi ba da a ce ranata Lahadi ce.

"Na ce ina naka?" in ji Sakatare.

"Na'am?"

"Ina rahotonka!"

"Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga murya."

Yaya ya ce mini daga baya bai shirya wannan ba, tsoro ne ya jefo masa ita a baki, da ya ga ta fito sai ya bi ta. Ya ce ƙarar injin aski ta cinye masa kunne, ya daɗe yana ɓoyewa don kunya. Sakatare ya tura shi wurin likitan Jam'iyya. Likita ya sa shi ya juya baya, ya saki farantin ƙarfe a ƙasa. Yaya ya dake. Likita ya raɗa masa cewa an ce askinsa ya fi na kowa muni a garin nan. Wuyan Yaya ya motsa, amma ya danne. Likita ya rubuta takarda ya buga tambari, sannan ya ce ƙasa-ƙasa yana kallon bango, "Nan gaba kada ka runtse ido kafin farantin ya faɗi."

Aka sauke shi daga aikin, lasisinsa ya tsira. Sai dai wanda takardar gwamnati ta ce kurma ne, dole ya zauna kurma, ga kuma kunnuwa huɗu a benci. Ga mutum irin Yaya wannan ɗauri ne. Za a yi musun ƙwallo a gabansa, a faɗi abin da ya san ƙarya ne, sai dai ya ciji leɓe ya ci gaba da aski. Mahauci zai zauna ya ce, "Yau ma za a yi mana kan kwakwa," yana murmushi a madubi, Yaya kuma dole ya mayar masa da murmushi. Sai ya koma gida, ya rufe ƙofa da taga, ya juye wa matarsa duk amsoshin da ya haɗiye tun safe, kowa da tasa. Ita kuma ta sami abin da take nema. In baƙi suka zo sai ta zauna kusa da shi tana ba su labarin rowarsa da munsharinsa, shi yana gyaɗa kai yana cewa, "Lafiya lau, ya yara?"

Jam'iyya ma ba ta bar shi ya tafi a banza ba. Suka riƙa zaunar da shi a sahun gaba ranar taro, jarida ta buga hotonsa, wai ga kurman da ke jin Jagora da zuciyarsa. Wahalar ita ce tafi. In ya fara tare da mutane, an kama shi. Dole ya jira ya ga hannuwa sun motsa. Sau ɗaya ya ga wani yana kashe sauro, ya miƙe ya ɓarke da tafi shi kaɗai a tsakiyar jimla, filin gaba ɗaya ya bi shi, don babu mai so a ce shi ne bai tafa ba.

A shago kuwa an daina rabon laifi, an daina raha irin ta da. Benci na cika, amma ba a wuce zancen zafi da ƙwallo. Kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido.

Shekara tara aka yi. Jagora ya mutu, Jam'iyya ta sake suna, Sakatare ya sake hula ya ci gaba da zama a ofishinsa. Yaya bai yarda ba, ya ci gaba da kurmancinsa. Wata safiya Malam Lissafi ya shigo shagon, ya rame, kansa fari fat. Ya gaida benci, tela ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙasa. Malam ya zauna, Yaya ya ɗaura masa ƙyalle.

"Na san ba kai ba ne," in ji Malam, murya can ƙasa.

"Na gode, Malam," in ji Yaya.

Sai mahauci ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Mai Aski ya warke!"

"Na warke," in ji Yaya, "kuma zauna nan, kada ka motsa. Ni da kai akwai magana. Wa kake ce wa mai askin kan kwakwa?"

Sai da ya yi awa biyu yana rama zagi, yana faɗin rana da wata. Malam ya yi ta dariya har yana tari. Tela ya sulale ya fita, daga ranar kuma ya koma aski a wata unguwa.

Yanzu Yaya ya tsufa, ya bar shagon, kuma kunnensa na hagu ya mutu da gaske, na dama ma saura kaɗan. Na kai shi asibiti da kaina, na ga sakamakon. Matarsa ta ƙi yarda. Jiya na je na tarar tana tsaye a kansa tana cewa ya tashi ya gyara ƙofar kicin, shi kuma yana kallonta yana tambayar ko shayin ya yi.