Rigar Maigida da Kaskon Turare

Ba wanda ya gaya mini cewa ƙwayar asibiti tana iya sa hannu a zaɓen miji, kuma har yau ban yafe wannan shirun ba.

Ina zawarci a unguwar Dutse Alhaji, ina sayar da atamfa, jinin al'ada ya nemi ya kashe ni. Aka ɗora ni kan ƙwayoyin tazarar haihuwa, wai su daidaita shi. Ina cikin shan su wani direban ma'aikatar gwamnati, mai sanyin magana, ya fara zuwa shagona. In ya tafi, ƙamshin jikinsa kan zauna a benci, ni da girmana in koma wurin in zauna. Da idona biyu na aure shi, ba wanda ya tura ni.

Da muka so haihuwa na daina sha. Kafin azumi ya zagayo, in ya cire riga sai zuciyata ta tashi. Na zaci ciki ne. Ba ciki. Wankansa bai canza ba, sabulunsa ma haka, amma kamar an sace mini miji an ajiye baƙo mai fuskarsa.

Sai na kama turara kayansa kullum da safe, har hula. Shi kuwa murna. Yana faɗa wa abokan aikinsa cewa ko matar ogansu ba ta yi wa oga haka. Yayarsa da ta ga ina ja da baya in ya matso, ta ce aljani ne ya aure ni. Aka yi mini ruƙiyya, na sha tofi har na gaji.

A ajin manya da nake zuwa Bwari koyon karatu na ji bayanin. Malamarmu, tsohuwar nas daga Filato, tana koya mana yadda jiki ke sarrafa wasu sinadarai da ke juya sha'awa, a mace da namiji. Ta ce wasu masana na ganin ƙwayar tazarar haihuwa tana iya canza ƙamshin da mace ke so, ko da yake ba su gama yarda da juna ba. Aji ya kwashe da dariya. Bayan an tashi na tare ta, na tambaye ta wa ya zaɓi mijina, ni ko ƙwaya.

“Madam, hanci bai iya aure shi kaɗai,” in ji ta. “Amma ogan naki ya san maganar?”

Bai sani ba. A motar komawa gida na riƙa tuna matar nan da ke komawa benci don ƙamshinsa. Ban san ko ta mutu ba, ko dama ba ni ba ce.

Da safe ban hura gawayi ba. Na miƙa masa rigar haka nan. Ya shinshina, ya dubi kaskon, ya dube ni.

Na ce, “Maigida, ajiye makullin motar. Zauna nan kusa da ni, akwai magana.”