Wata Bakwai Ina Ɗaga Zomona Ta Kunne

Shekarun baya can, lokacin da farar hula suka dawo kan mulki, aka ƙara mana albashi, ko'ina ka waiga a Gwarinpa sabon gini ne ke tashi, ofishinmu ya tura ni duba rijiyoyin burtsatse a Yangoji. Mun gama aiki muna shan ruwa a ƙofar gidan wani manomi mai kiwon zomaye, sai ga shi ya fito da wani farin zomo, ya riƙo shi ta kunne, ya nufi bayan gidan inda karnukansa suke.

Na ce, "Malam, ina za ka kai shi?"

Ya ce, "Madam, wannan ya gama yawo. Kunne ya ruɓe, kar ya shafa wa sauran."

Na leƙa kunnen. Ɓawo ne ya cika shi kamar ƙanzon tukunya, ga wari. Ni da ko kyanwa ban taɓa ajiyewa ba, sai na ji bakina ya ce a ba ni shi. Ya ba ni, na sa shi a wani kwalin taliya. Direban ofis har muka shigo gari yana toshe hanci yana kallon kwalin.

Mahaifiyata tana zaune wurina a lokacin. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Ke 'yar nan, wasu na dawowa daga ƙauye da doya, ke kin dawo mana da jinya. A yanka shi tun bai zama mushe ba."

Na ce, "Haba Inna, ai sai ya warke."

Taurin kai kam Allah ya ba ni, ban roƙa ba.

Akwai asibitin dabbobi kusa da mu, amma can manya ke kai karnukansu na ƙasar waje a bayan jif. In shiga da zomon ƙauye a kwalin taliya? Kunya ta hana ni. Sai na je ni kaɗai, na kwatanta ciwon da baki, aka ce ƙwarin kunne ne, aka ba ni maganin ɗigawa safe da yamma.

To ya ake kama zomo? Ni dai tun ina ƙarama kunne na ga ana kamawa. Yayyena haka suke yi, mafarauta haka, manomin nan ma haka. Kullum kafin in tafi ofis da bayan na dawo sai in cafko kunnuwan biyu, in ɗaga shi sama daga keji, in danne shi a cinya in ɗiga. Yana harbin iska, wani lokaci ya yi wata 'yar siririyar ƙara. Ni kuwa a zatona zafin magani ne.

Sati biyu ɓawon ya zube, na fara cika baki. Sati na huɗu gindin kunnen ya kumbura, mugunya ta fara tsatsowa. Na koma, aka canza magani. Ya lafa, ya dawo. Maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai shagon ɗinki, ta ce manja suke sa wa nasu a gida. Na sa. Inna da ta ce a yanka, da kanta na kama ta tana yi masa tofi tana miƙa masa ganyen dankali. Duk a banza. Na daina zuwa biki ranar Asabar, na daina kwana a ko'ina. A ofis har an fara ce mini uwar zomo. Wata bakwai ina cikin wannan hali, kuma wallahi duk ranar da na ga auduga ta fito da rawaya sai in ji duniyar ta ishe ni.

Wata safiya na tarar wuyansa ya karkace, ido ɗaya na kallon sama. In ya yunƙura zai yi tafiya sai ya yi ta birgima. Ranar kunyar ta fita daga idona, na sa shi a mota sai asibitin.

Likitar mace ce, ta manyanta. Ta ce in fito da shi. Na sa hannu na ɗago shi yadda na saba.

"Kai! Madam, sake shi! Sake shi!"

Na firgita na saki. Ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ta tallafo bayansa, ta manna shi a jikinta. Ya yi lamo. Ko harbi ɗaya bai yi ba.

Ta ce, "Haka kike ɗaukarsa kullum?"

Na ce, "Sau biyu a rana."

Ta daɗe tana haska cikin kunnen, sannan ta ce ƙwarin sun mutu tun maganin farko. Abin da ya rage rauni ne a gindin kunnen, guringuntsin ya yage. Duk sanda ya fara haɗewa sai nauyin jikinsa ya sake ɓarka shi, har mugunyar ta sami hanya ta shige can ciki. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Likita, zai tashi?"

Ta ce, "Za mu gwada allura. Amma kar ki sa rai sosai."

Kwana tara muka yi muna zuwa. Ya daina ci, sai ruwan karas da nake ɗura masa da sirinji. A kwanakin nan ne na san ashe yana son a ɗauke shi. In na tallafo shi sai ya cusa kansa a hammatata ya yi shiru. Rana ta tara, bayan la'asar, ya cika a cinyata. Na yi kukan da ni kaina na ji nauyinsa, babbar mace da digirinta a kan zomo. Inna ta kawo tsohon ɗankwalinta aka naɗe shi.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni duka biyun na zama, kuma da sunan taimako. Mutane sun yi ta ba ni baki, wai niyyata mai kyau ce, wai kwanansa ne ya ƙare. Na sani, ban musa ƙaddara ba. Amma da na kai shi gaban likita tun ranar farko, minti ɗaya ya isa a gyara mini hannu. Abin da ya hana ni kawai kar a gan ni da kwali.

Har yau abin bai sake ni ba. Ban ƙara ajiye dabba ba, kuma ba na jin zan ƙara. Wata bakwai yana hannuna, kwana tara kacal na riƙe shi ba tare da na ji masa ciwo ba.